Kwana Biyu a Bakin Gulbin Gagare

Da aka ce mu yi tafiyar ƙarshen mako, wasunmu sun ambaci Kano, wasu Abuja. Da muka haɗa kuɗin aljihunmu mu huɗu, sai muka ga iyakarsu Ƙaura Namoda. Da safiyar Asabar muka hau mota daga Gusau, cikin kamar awa guda muka isa, muna ganin ai babu abin kallo a garin da muka saba ratsawa.

Ɗan ajinmu da ya saukar da mu a gidansu ya fara kai mu bakin gulbin Gagare. Lokacin rani ne, ruwa ya janye, yashi ya bayyana, masu lambu na ban ruwa, yara na wanke babura. Gulbin nan shi ne ke gangarawa arewa ta wajen Shinkafi har ya shiga gulbin Rima. Tarihi ya nuna Maguzawa ne suka fara zama a wannan wuri, tun kafin a san garin da sunansa na yanzu.

Sunan ma darasi ne. Ƙaura sarauta ce ta shugaban mayaƙa, irin wadda ake da ita a Katsina. Namoda kuwa jarumi ne daga Fulanin Alibawa na yankin Zurmi, wanda ya mara wa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo baya, yana kuma cikin waɗanda suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Mun karanta faɗuwar Alƙalawa don jarrabawa, amma ba mu taɓa haɗa ta da garin da muke tsayawa sayen tsire ba.

Da la'asar muka je tsohuwar tashar jirgin ƙasa. A 1929 layin dogo ya iso nan daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, a nan kuma ya tsaya. Wani dattijo da muka tarar a inuwa ya amsa gaisuwarmu, muka ce, "Baba, ko ka ga zamanin jirgi?" Ya yi dariya, ya ce da ƙuruciyarsa ya yi dakon buhunan gyaɗa zuwa tarago, kuma da kukan jirgi mutanen unguwarsu ke gane lokaci. Ya nuna mana inda ake jibge auduga. Yanzu awaki ke kiwo a wurin.

Ranar Lahadi mun so zuwa kufan Kiyawa, tsohon birnin da har yau ake kiran sarkin Ƙaura da sunansa, wato Sarkin Kiyawa. Mahaifin abokinmu ya ce ba da yawunsa ba, hanyar daji ba ta da tabbas saboda 'yan bindiga. Haka zancen leƙa Zurmi ya mutu. Ba mu yi gardama ba, amma abin ya tsaya mana a rai: kakanninmu sun bi hanyoyin nan a ƙafa da jakuna, mu kuwa muna da mota mun kasa.

Shi ya sa muke kira gare ku, ƙannenmu 'yan sakandare. Wuraren da ba a iya zuwa yau, labarinsu na bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ku nemi izinin iyaye, ku haɗa kai da malamin tarihi, ku yi tafiya da rana, ku tsaya cikin gari, ku bi shawarar mutanen wurin. Ku riƙe littafi da biro, ko ku naɗi murya a waya bayan an ba ku izini.

Mun dawo Gusau kafin magariba da ledar hoce da shafi tara na abin da Baba ya gaya mana. Mun yi alkawarin komawa hutu mai zuwa mu karanta masa, ya gyara inda muka yi kuskure. Allah ya sa mu tarar da shi, ya kuma dawo mana da zaman lafiya.