Gaskiya ko Jita-jita: Kwano Ɗaya na Wanke Hannu

A ƙauyukan Funtua da Malumfashi, ranar gayya ko lokacin girbin masara, idan an kai tuwo gona akan ajiye ruwan wanke hannu a kwano ɗaya. Dattijo ya fara tsomawa, sai mai bi masa, kafin a zo kan yaro ruwan ya koma jawur da ƙasa. Da yawa sun ɗauka wannan shi ne ladabi, wasu na cewa yana ƙara zumunci, kuma wai zafin tuwo zai kashe duk abin da ya saura a hannu.

Jita-jita ce. A bar babba ya fara, wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma ruwan da mutum biyar suka dama ba ya wanke hannun na shida, datti yake ƙara masa. Ƙwayar cutar amai da gudawa ta ruwa da abinci da hannu take shiga ciki. A 2021 fiye da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu da ita a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Funtua na cikin ƙananan hukumomin Katsina da ta fi yi wa ɓarna. Tuwon da hannu ke iya yankar loma a cikinsa kuwa ya riga ya huce, zafinsa bai isa ya kashe komai ba. Ga kuma wanda ya sauke goyon feshi yanzun nan, maganin ciyawa duk a yatsunsa, ya tsoma a ruwan da kowa zai tsoma. Guba ba ruwanta da zafin tuwo.

Abin da ke damuna shi ne, mun fi tsawata wa yara kan abin da bai kai wannan haɗari ba. Wai mai ci a tsaye, abincin ƙafafunsa yake sauka. Babu wata hanya daga maƙogwaro zuwa ƙafa, tumbi kawai yake zuwa. Zama ya fi natsuwa, malamai ma shi suka kwaɗaitar, amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sha ruwan Zamzam a tsaye. Haka shan ruwa ana tsakiyar ci ba ya hana abinci narkewa.

Yin bisimilla, ci da dama, da cin gabanka, waɗannan gaskiya ne, sun zo a hadisin Umar ɗan Abu Salama. Hanin yin numfashi a cikin abin sha shi ma ya inganta, kuma duk mai tari da ya taɓa hura wa jama'a ƙwaryar fura ya nuna dalilinsa.

Masu gida da uwayen gida, a haɗa buta da sabulu cikin kayan da za a kai gona, in babu sabulu a sa toka. Yaro ya riƙe buta ya zuba wa baba, ruwan ya zube ƙasa, sannan a zuba wa na gaba sabo.