In Kowa Masoyin Talaka Ne, Wa Ke Tatsar Sa?

Babu kalmar da ta kai "talaka" arha a bakin 'yan siyasa. Ku kunna rediyo bayan sallar isha'i, ko ku ari wayar yayanku ku leƙa Facebook da TikTok. Mai mulki ya ce don talaka yake yi. Ɗan adawa ya ce don talaka yake kuka. Sojan da ya ƙwace mulki a Yamai shi ma ya ce talaka ne ya sa shi fitowa daga bariki. Mu da muka tashi a Daddara, a kan titin Katsina zuwa Jibiya, muna da dalilin tsayawa mu auna wannan kalma, domin tsakanin 2019 da 2023 sau biyu ana garƙame iyakar da iyayenmu ke cin abinci da ita, kuma kowane karo da kyakkyawan dalilin da aka karanta mana a labaran rediyo.

Da muka shiga jami'a sai muka tarar malaman kimiyyar siyasa suna raba wasu abubuwa biyu da a teburin mai shayi ake cakuɗa su. Na farko shi ne ra'ayin hagu. Sunan ya samo asali ne daga Faransa a 1789, lokacin juyin juya hali: a zauren majalisa masu son a bar wa sarki ikonsa suka zauna ta dama, masu son a rage ikon sarki da na manyan gari suka zauna ta hagu. Kada sunan ya ruɗe ku, ba ruwansa da hannun da ake hana mu cin tuwo da shi. Mai wannan ra'ayi cewa yake yi ba lalaci ne kaɗai ke kawo talauci ba, akwai dokoki da tsare-tsaren da mutane suka ƙulla da hannunsu, kuma abin da hannu ya ƙulla hannu na iya kwance shi. Saboda haka yana son gwamnati ta ɗauki nauyin makaranta da asibiti, mai yawa ya biya haraji mai yawa, ma'aikaci da manomi su sami bakin magana.

Na biyun kuma za mu kira shi siyasar romon baka. Ɗan siyasa zai raba duniya gida biyu, mu jama'a da su azzalumai, sannan ya ce shi kaɗai ne bakin jama'a, duk wanda ya yi masa tambaya maƙiyin talaka ne. Wannan salo bai da ɓangare. Hugo Chavez na Benezuwela ya yi shi daga hagu, Donald Trump na Amurka yana yin sa daga dama.

To yaya za a bambance su, alhali dukkansu da sunan talaka suke rantsuwa? Ba sai mun je Turai neman amsa ba.

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu samari takwas a Kano, cikinsu har da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta. Ita ma ta raba duniya biyu, ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e. Amma ba a nan ta tsaya ba. Ta faɗi abin da take so a sauya, abubuwan da ko wanda bai je makaranta ba zai iya ƙirgawa da yatsunsa: a daina aikin tilas a gonar hakimi, a gyara kotunan alƙalai, a sauƙaƙa wa mutane haraji da jangali, a bar talaka ya zaɓi wakilinsa kai tsaye, a bar mata su jefa ƙuri'a. Kuma sun biya kuɗin maganarsu da jikinsu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sau 16 ana ɗaure ta. Ku 'yan mata da ke karanta wannan shafi, ku sani matan Arewa ba su fara zaɓe ba sai a 1976, shekaru masu yawa bayan 'yan'uwansu na Kudu.

A 1979 PRP, magajiyar NEPU, ta ci gwamna a jihohi biyu, Kano da Kaduna. A lokacin ba a ƙirƙiri Jihar Katsina ba, sai a 1987, don haka Alhaji Balarabe Musa gwamnan kakanninmu ne na Daddara da Jibiya. Da shi da Abubakar Rimi na Kano, suna hawa suka soke haraji da jangali. Ku zauna da wani tsoho a unguwarku ku tambaye shi abin da wannan ke nufi. Zai ba ku labarin magidancin da ake shanyawa a rana a ƙofar dagaci, da wanda ke sayar da akuyar matarsa, da Bafulatanin da ke kora shanunsa ya tsallaka iyaka in lokacin ƙirga ya zo. Alkawari ne da aka yi, aka cika, kuma mutum ya ji sauƙinsa a aljihu.

Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne su waye a cikin tafiyar. Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihin da ya zama sakataren gwamnatin Balarabe Musa, jikan Sarkin Katsina Dikko ne. Umaru Musa 'Yar'aduwa yana PRP alhali mahaifinsa jigo ne a NPN, kuma shi ne ya bayyana wa duniya kadarorinsa da ya zama gwamna a 1999, ya sake yi da ya zama shugaban ƙasa a 2007. Ashe ba a gane na talaka da gidan da ya fito, balle da yagaggiyar riga ko cin gasasshiyar masara a gaban kyamara.

Ba muna cewa waliyyai ba ne. PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, suka yi ta cin naman juna. Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, ta kuma tsige shi a watan Yunin 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Malam Aminu ya rasu a watan Afrilun 1983, jam'iyyar ba ta sake miƙewa kamar da ba. Abin da ya rage a kasuwa shi ne kalmar, kowa ya zo ya ɗiba.

Su 'yan NEPU sun san wanda ke riƙe da lasifika shi ke riƙe da kunnen gari. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta hukuma ce, rediyo ma haka. Sai suka koma ga lacca a bakin kasuwa, da waƙoƙi, da jaridar Comet ta Kano. Da Rimi ya sami mulki ya kafa kamfanin Triumph a 1980, mai buga Albishir da boko da Alfijir da ajami don almajiri ma ya karanta. A tarzomar Kano ta 10 ga Yuli, 1981, da aka kashe mai ba shi shawara kan siyasa Dokta Bala Muhammad, gidan Rediyon Kano da ginin Triumph suna cikin wuraren da aka cinna wa wuta. Masu ƙonawar sun san inda ƙarfin yake.

Yau lasifika ta yi yawa, kuma mun gode Allah, don mai sayar da rake ma yana iya buga waya a ji muryarsa a Katsina da Maraɗi. Sai dai ya kamata ku san yadda kasuwar take. Gidan rediyo mai zaman kansa da talla yake biyan albashi da man janareta, don haka yana sayar da mintoci. Ɗan siyasa ya sayi mintocin, ya ɗora wanda ake kira sojan baka, shi kuma ya yi ta ruwan habaici da kirari. Bana yana zagin wane, baɗi ya koma gidan wanen yana zagin tsohon ubangidansa, muryar ba ta sauya ba, mai biya ne ya sauya. A waya kuma akwai samarin da ake saya wa data don su yi wannan aikin. Kamfanonin da suka mallaki Facebook da TikTok su ma da talla suke ci, ribarsu ita ce ku daɗe kuna kallo, kuma abin da ke tunzura mutum ya fi riƙe ido a kan abin da ke ilmantar da shi. Shi ya sa bidiyon zagi na minti ɗaya ke zagaye Jibiya kafin azahar, bayanin kasafin kuɗin ƙaramar hukuma kuwa ko mai tura shi babu.

Mu gwada ma'aunin NEPU a kan titinmu. Tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ɗan Daura ne, kuma da wuya a sami ɗan siyasar da talakan Arewa ya so kamarsa, har kati mutane suka riƙa saya don tara masa kuɗin kamfe. A watan Agustan 2019 gwamnatinsa ta rufe iyakokin ƙasa, ta ce don a daina fasa-ƙwaurin shinkafa mu ci abin da muka noma. Manufar ba ta da laifi, duk mai ra'ayin hagu zai so manomin gida ya sami kasuwa. Tambayar ita ce wa ya ɗauki nauyin. A watan Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutumin Jibiya da Magama ya koma sayen na bumburutu da tsada. Da aka buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, tamu ba ta cikin lissafi, sai Afrilun 2022. Masu manyan injinan casar shinkafa sun ga riba. 'Yan dako, da direbobin Maraɗi, da 'yan canji, da matan da ke dafa abinci a tasha, su ne suka zauna, kuma shinkafar ba ta yi arha a kwanon kowa ba. Son da talaka ke yi wa shugaba daban, abin da dokar shugaban ta yi wa tukunyar talaka daban.

Karo na biyu ya zo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, da Janar Abdourahamane Tiani ya yi wa Mohamed Bazoum. Ƙungiyar ECOWAS, ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa Maris ɗin 2024. An ce don kare dimokuraɗiyya ne. Amma janar ɗin bai rasa wuta a fadarsa ba, mai jinya a asibitin Maraɗi ne ya rasa, da dangin da Ɗan Isa ta raba. Wannan kuwa wata biyu kacal bayan cire tallafin fetur na 29 ga Mayu, wanda ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki.

A wannan yanayi ne samarinmu da yawa suka koma yi wa sojojin Yamai tafi, kuma mun fahimci dalilinsu. Ƙorafin da ake yi da Faransa gaskiya ne: an yi sama da shekara 50 ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa tashoshin wutar Faransa, yawancin ƙauyukan Nijar kuwa suna kwana da fitilar hannu. Maganar ma ba sabuwa ba ce. Djibo Bakary da jam'iyyarsa Sawaba sun nemi a ce wa Faransa a'a a ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958, aka kayar da su, aka haramta jam'iyyar a 1959, wasu 'ya'yanta suka sami mafaka a Kano wajen 'yan NEPU. Sai dai mu dubi abin da ya biyo bayan tafin. An rufe RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, an rushe dukkan jam'iyyun siyasa a Maris ɗin 2025. Mutumin da ya ce shi ne muryar talaka, sannan ya toshe hanyoyin da talaka zai ce masa ka yi kuskure, a wajenmu ya fi kama da hakimin da NEPU ta yaƙa.

Wannan ba hirar manya ba ce kawai, ta taɓa sa'anninku. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, yunwar da ta fitar da mutane gaskiya ce, amma wasu yara sun ɗaga tutar Rasha a Kano da wasu garuruwan Arewa saboda abin da suka gani a waya. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da gomman su a kotun tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, bayan kusan wata uku a tsare, har wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da ƙasa ta ɗauka sannan aka ba da umarnin sakin su. Laifin gwamnatin da ta tsare yara a fili yake. Amma ku lura, masu zuga ta waya ba su ne aka gani a cikin akwatin kotu ba, kuma tutar ba ta rage kuɗin kwanon masara ba.

Da yawa daga cikin ku 'yan ajin ƙarshe za ku cika shekara 18 kafin zaɓen 2027, kuma tun 2018 doka ta ba ɗan shekara 25 damar tsayawa takarar majalisar jiha. Za a zo muku da babura da fosta da sunan Malam Aminu a baki. Cikin abin da za a yi muku alfahari da shi har da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kuma zai ratsa ta Katsina da Jibiya. Sojojin baka za su yi ta musu a kan ko aikin wane ne. Mu kuwa a Daddara abin da muke son ji shi ne nawa za a sayar da tikiti daga Jibiya zuwa Katsina, ko za a ware tarago ga manomi mai buhu biyu na gero, ko wanda layin ya bi ta gonarsa ya karɓi diyyarsa cif, da kuma abin da aka tanadar wa direbobin da ke lodi a titinmu ranar da jirgin ya fara busa ƙaho.