Ondilar a kanti: kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta

A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, ƴan kasuwa da dama, daga Maraɗi har Yamai, suka koma ga batir da ondilar. Wutar ta dawo a 2024, amma kukan da muke ji daga masu saurarenmu bai canza ba: batirin da aka saya da kuɗi masu yawa ya mutu tun bai shekara ba.

Sau da yawa laifin na kayan da aka jona ne. Batir mai volt 12 da amfer 100 yana riƙe wat kamar 1200 na awa guda, kuma batirin ruwa ba ya son a shanye fiye da rabinsa. Kenan 600 ne rabonku. Ƙwan fitila, fanka, cajin salula, duk zai ɗauka. Amma Hajiya mai ƙanƙara da zoɓo, firijinki in zai tashi yana fizgar wuta ninkin ba ninkin. Ƙaramar ondilar ta kwamfuta kuwa mintoci kaɗan take bayarwa, don a adana aiki a kashe. Dutsen guga kam, kada ma a fara.

Sai zafi. Mun ga inda aka cusa batir ƙarƙashin tebur, buhun sukari a kansa, ga ranar Afrilu. A ba shi iska, domin yana fitar da tururi mai kama wuta lokacin caji. In ruwansa ya ja, a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na famfo.