Yadda Lantarki Ke Ratsa Molekul Guda

1.0 Gabatarwa

Tun bayan da Gordon Moore ya lura a 1965 cewa adadin taransistocin da ake cusawa a kan ɗan falle guda na silikon yana ninkuwa a kai a kai, masana suka san cewa ƙanƙantawar tana da iyaka. Wannan ne ya haifar da tambayar da fagen lantarkin molekul ya ginu a kanta: shin molekul guda, wato dunƙulen ƙwayoyin zarra da tsawonsa bai wuce nanomita ɗaya ko biyu ba, zai iya yin aikin waya ko makunni? Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita.

2.0 Mafarin Fagen

A 1974 Arieh Aviram na kamfanin IBM da Mark Ratner suka kawo shawarar molekul mai sassa uku: ɓangare mai bayar da ilektiron, da ɓangare mai karɓa, sai gada a tsakaninsu da ke hana su cuɗanya. Lissafinsu ya nuna cewa lantarki zai fi sauƙin bi ta fuska ɗaya, kamar yadda dayod ke yi. A lokacin babu hanyar gwadawa, domin ba a da na'urar da za ta riƙe molekul guda. Ƙirƙiro madubin hangen zarra da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka yi a Zurich a 1981 shi ya buɗe ƙofa.

3.0 Yadda Ake Awon

A 1997 Mark Reed na Jami'ar Yale da James Tour da abokan aikinsu suka ja siririyar wayar zinari har ta tsinke, suka bar giɓi, sannan molekul na benzin mai farar wuta a kowane baki ya cike giɓin. Farar wuta tana kama zinari gam, don haka ita ce ƙugiyar da ke haɗa molekul da waya.

Matsalar ita ce kowane haɗi yana da siffarsa, sakamakon kuma yana bambanta. A 2003 Bingqian Xu da Nongjian Tao na Jami'ar Jihar Arizona suka riƙa tsoma tsinin zinari a kan farantin zinari suna janyewa, sau dubbai, a cikin ruwan da ke ɗauke da molekul ɗin. Adadin da ya fi maimaituwa shi aka ɗauka a matsayin na molekul guda.

4.0 Hanyoyin Wucewar Ilektiron

A wayar tagulla, idan aka ninka tsawo sau biyu, turjiyar da take yi wa lantarki ma ninkuwa take yi sau biyu. A gajeren molekul ba haka abin yake ba, saboda a nan ilektiron ɗabi'ar igiyar ruwa yake nunawa. Rolf Landauer ya bayyana tun 1957 cewa abin dubawa a irin wannan ƙanƙanta shi ne yiwuwar ilektiron ya tsallaka daga wannan baki zuwa wancan. Ko da hanyar ba ta da cikas ko ɗaya, turjiyar mashiga guda ba ta yin ƙasa da kimanin om 12,900.

Hanya ta farko ita ce kurɗawa. Kowane molekul yana da matakan kuzari ƙayyadaddu, kuma galibi ba su yi daidai da kuzarin ilektiron ɗin zinari ba, sai molekul ya zama shinge. Duk da haka igiyar ilektiron tana ratsa shingen, tana raunana da kowane taki. Awon Xu da Tao ya nuna haka ƙarara: sarƙa mai kabon 6 ta ba da turjiyar om miliyan 10.5, mai kabon 8 miliyan 51, mai kabon 10 kuwa miliyan 630. Tsawo bai kai ninki biyu ba, amma turjiya ta ninku sau 60.

Hanya ta biyu ita ce tsalle-tsalle. Idan molekul ya yi tsawo, kurɗawa takan gagara, sai ilektiron ya riƙa yada zango a sassan molekul, zafi yana ingiza shi daga wannan zango zuwa na gaba. A 2008 ayarin Daniel Frisbie na Jami'ar Minnesota ya ga sauyi daga kurɗawa zuwa tsalle-tsalle a wajejen nanomita 4 a cikin wani jerin molekul. Ana bambance su da awon zafi: tsalle-tsalle yana ƙaruwa da ɗumi, kurɗawa kuwa kusan ba ruwanta da shi.

Akwai kuma karon igiyoyi. Zoben benzin yana da kabon 6. Idan aka haɗa wayoyi a kusurwa ta 1 da ta 4, hanyoyin dama da hagu tsawonsu ɗaya ne, igiyoyin suna ƙarfafa juna. Idan aka koma ta 1 da ta 3, sai su kashe juna, lantarkin ya ragu ainun, alhali zoben bai sauya ba.

5.0 Kammalawa

Har yau molekul guda bai maye gurbin silikon a kwamfuta ba. Haɗin zinari da molekul ba ya ɗorewa, kuma jera miliyoyinsu iri ɗaya aiki ne ja. Fagen ya kuma sha daƙyar a 2002, lokacin da kwamitin bincike na Bell Labs ya gano cewa Jan Hendrik Schön ya ƙirƙiri alƙaluma, ciki har da na taransistan molekul. Abin da ya tabbata dai shi ne ana iya auna lantarkin molekul guda a maimaita, kuma sauya wurin ƙwayar zarra ɗaya tak yana iya buɗe hanyar lantarki ko ya toshe ta.