Don Me Kwamfutar Ƙungiya Ke Cijewa In An Ba Ta Aiki Mai Nauyi?

Duk manomin da ya taɓa noman rani a fadamun gulbin Rima ya san halin injin ban-ruwa. Wani inji ya kan tashi lafiya lau, amma da an sa masa tiyo ya fara jan ruwa, sai ya yi tari ya mutu. Haka kwamfuta ta ke. A kan yi rubutu da lissafi da ita wuni guda ba wata matsala, amma da an buɗe taswirar gonaki, ko bidiyon koyar da shuka, ko wasan ƙwallon da samari ke so, sai ta tsaya cik.

'Yan'uwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe babbar masana'antar gyaran shinkafa a Argungu a 2017, aikin rubuce-rubuce ya ƙaru wa ƙungiyoyinmu. Sunayen membobi, da girman gonar kowa, da buhunan takin da ya karɓa, da bashin da ya biya, duk suna cikin kwamfuta. In ta cije aka kashe ta da ƙarfi, lissafin da ba a adana ba ya tafi, wani sa'i har wanda aka adana ya kan lalace. Daga nan kuwa zargi ke shiga tsakanin 'yan ƙungiya.

Dalilin cijewar shi ne, a cikin kwamfuta akwai wani sashe mai zana hotunan da ke fitowa bisa allo. Rubutu ba ya wahal da shi. Amma taswira da wasa suna sa shi aiki da dukan ƙarfinsa, ya ja wuta da yawa, ya kuma ɗau zafi. To, a nan ne duk wani rauni da ke ɓoye ke bayyana. Ga abubuwa huɗu da za ku duba, ku fara da wanda ba ya cin kuɗi.

NA FARI: ZAFI DA ƘURA

Wannan shi ne babban abokin gāba a ƙasar Kabi. Cikin watan Maris da Afrilu zafi ya kan wuce digiri 40, ga shi kuwa hunturu ya riga ya cika ko'ina da ƙura. Ƙurar nan ta kan taru a kan fanka da ƙofofin iska kamar auduga. In zafin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya kusa digiri 100, sai ta rage gudu don ceton kanta, in abin ya faskara ta tsaya ko ta mutu.

Alamarsa ita ce, ta kan yi aiki minti goma ko ashirin tukuna, fanka na kuka, sa'an nan ta cije. Da safe kuma ta fi jurewa. Ku kashe ta, ku zare wayar wuta, ku hure ƙurar da famfon hannu, kuna riƙe da fankar don kada ta yi ta juyawa. Kada a hura da baki, domin akwai laima. Kwamfutar hannu kuwa kada a ɗora ta bisa katifa ko buhu, gama ta ƙasa ta ke shan iska. In ta tsufa, mai gyara ya sake man nan mai launin toka da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta, don ya kan bushe.

NA BIYU: WUTA

Wutar ƙasarmu bolt 230 ce, amma ƙaramin janareta ba kullum ya ke riƙe ta daidai ba, balle in an haɗa masa firji ko dutsen guga. In kwamfuta ta mutu nan take da an buɗe wasa, ko ta sake tashi da kanta, ku tuhumi wuta. Ku gwada ta a wani wuri mai wuta tsayayyiya. In ta yi lafiya a can, sai ƙungiya ta sayi na'urar daidaita wuta, ko akwatin batir da a ke kira UPS. In ba ta yi ba, wataƙila akwatin wutar da ke cikinta ne, ko cajarta, ta gaji.

NA UKU: ƘARANCIN WURIN AIKI

Kwamfuta tana da rumbu inda ta ke ajiya, tana kuma da tabarmar shanya inda ta ke baza aikin da ke hannunta. Wannan tabarma ita masu gyara ke kira ram. Mai giga 4 ba ta isa taswira mai nauyi ba, 8 ta fi. Ku danna Ctrl da Shift da Esc tare, za ku ga ko tabarmar ta cika. In ta cika, ku rufe abin da ba ku bukata, ko a ƙara wata. Rumbun ma kada a cika shi maƙil da finafinai.

NA HUƊU: TAFINTA

Akwai wata 'yar manhaja, direba, wadda ke tafinta tsakanin Windows da sashen zane. In ta tsufa ko ta lalace, allo ya kan yi baƙi ko ya ƙage. Kafin ku kashe, ku danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare, wannan ya kan farkar da ita. Sabuwa kuwa a ɗauko ta daga kamfanin da ya ƙera na'urar kaɗai. Ku lura kuma, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 na kowa da kowa ran 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka mai sayen tsohuwar kwamfuta ya tambaya ko za ta ɗauki Windows 11.

SHAWARA GA SHUGABANNI

Ku gwada abu ɗaya ɗaya, kuna rubuta abin da ya faru, don ku san ainihin ciwon kafin ku biya kuɗin magani. Kowace Asabar magatakarda ya kwafe lissafi cikin filas biyu, ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin ma'aji, littafin takarda kuma kada a yar da shi. Samari kuwa kada a kore su, su ne za su zama masu gyaranmu gobe. Sai dai a sa doka, ba wasa a kan kwamfutar da ke riƙe da amanar jama'a sai an kwafe lissafi, ba kuma da tsakar rana ba. Rigakafi dai ya fi magani.