Ciwon Dajin Nono Iri-Iri Ne, Uwargida

 Abin da ya ja hankalina a wannan wata shi ne labarin wata baiwar Allah a Mandawari. An cire mata nono, ta sha magani, ta warke sarai har ta aurar da 'ya'ya biyu. Bayan shekara bakwai sai ciwon baya ya sa ta gaba. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce girma ne ya zo, aka yi ta jiƙe-jiƙe wata da watanni. Da aka je asibiti aka ɗauki hoto, ashe tsohon ciwon ne ya koma ƙashi.

To uwargida, ki sani dajin nono iri-iri ne, kuma kowane iri da halinsa. Tsokar da aka yanko a jikin mace ita ake kaiwa ɗakin gwaji a gano ko wane iri ne.

Wanda ya fi yawa a duniya, kusan biyu cikin uku, shi ne mai rayuwa da sinadarin jikin mace, wato isturojin. Yana da sanyin tafiya kuma yana jin magani, amma akwai shi da laɓewa. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna yana iya dawowa har zuwa shekara 20, kuma ƙashi ya fi nema: baya, ƙugu, haƙarƙari. Shi ya sa ake ɗora mace a kan ƙwayar Tamoxifen shekara 5, wani lokaci har 10. A nan ne mu mata muke da sakaci. Da jiki ya yi daɗi sai a jefa ƙwayar cikin kwalla a manta. Ƙwaya ɗaya ce fa a rana, ko da azumi sai ki sha da sahur. Amma ba a ɗaukar ciki ana shan ta, don haka ke da maigida ku zauna da likita tun farko.

Iri na biyu shi ne HER2. Yana da gaggawa, yakan tafi hanta ko ƙwaƙwalwa. Allurar Herceptin, wadda aka amince da ita a Amurka a 1998, ta rage masa kaifi ƙwarai, sai dai tsada.

Na uku shi ne wanda ba a samun ko ɗaya daga cikin alamomin nan a jikinsa, don haka ƙwayar da allurar duk ba sa kama shi, sai ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi. Ya fi shafarmu: a 2009 Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta sun duba matan Nijeriya da Sanigal, suka tarar fiye da rabinsu wannan iri ke gare su. Idan zai dawo, yawanci cikin shekara uku zuwa biyar na farko ne, kuma huhu da ƙwaƙwalwa ya fi kai wa hari. In aka wuce wannan tsakani, haɗarin yakan ragu sosai.

Saboda haka, ko ke ce ko 'yar'uwa kika raka Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kada kunya ta hana ki tambaya: "Likita, wane iri ne? An yi gwajin tsokar?" Ki karɓi takardar ki adana ta kamar takardar gida. Kuma duk wadda ta taɓa yin ciwon, in ta ji ciwon ƙashi mai hana barci, ko tari da haki da suka ƙi tafiya, ko ciwon kai da amai, ko idonta ya yi ɗorawa, ta koma asibiti cikin makon, ta fara gaya wa likita cewa an taɓa yi mata aikin nono.