Ciwon Kan Da Ke Zuwa Lokacin Yunƙuri

'Yan'uwana mata, yau zancenmu a kan ciwon kai ne, amma ba irin wanda rana ko zazzaɓi kan kawo ba. Akwai wanda kan taso daidai lokacin da mace ta yi yunƙuri, watau tana daka, ko jan guga a rijiya mai zurfi, ko cicciɓar tulu. Galibinsa ba shi da haɗari. Kai kan riƙa bugawa, musamman da bazara, in an huta ya lafa, ba ya kuma wuce kwana 2.

To, amma akwai wani iri dabam. A cikin ƙasusuwan wuya akwai jijiyoyin jini guda 2, dama da hagu, waɗanda suka haura suka haɗu a gindin ƙwaƙwalwa suka zama ɗaya. Likitoci na kiranta basila. Ita ke kai jini wurin da ke kula da numfashi da haɗiya da daidaiton tafiya. Bangonta shimfiɗa 3 ne. Idan ta ciki ta tsage, sai jini ya kutsa tsakaninsu, kamar yadda ruwa kan shiga bayan yaɓen ɗaki ya kumbura shi. Daga nan hanyar jini ta matse, ko gudan jini ya toshe ta, ko kuwa jijiyar ta fashe. Abin bai cika faruwa ba, amma ba na tsofaffi kaɗai ba ne, yakan sami mai shekara 30 da ƙarfinta.

Ki lura da alamunsa. Ciwo ne mai sara farat ɗaya, sau da yawa a ƙeya, irin wanda ba ki taɓa ji ba. Jiri kan biyo baya, ko amai, ko ganin abu biyu-biyu, ko nauyin harshe, ko tangaɗi.

A nan ne mu mata mukan yi sakaci, mu ɗaure kai da kallabi mu koma bakin turmi don kada a ce raki. A ganina wannan ba juriya ba ce. Kada a kira wanzami ya yi ƙaho, kada a murɗa wuya da sunan tausa, kada kuma ki sha asfirin, gama in jijiyar ta fashe zai ƙara zubar jinin. Ki gaya wa maigida lalle a kai ki babban asibiti nan take, inda ake hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI. Ki faɗa wa likita aikin da kike yi sa'ad da ciwon ya sare ki, da ƙarfe nawa, domin allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta.